Besbol: Tsakanin Albashin Jinya da Allurar Ƙara Kuzari

Na san da yawa daga cikin masu bibiyar wannan fili ba su taɓa zama sun kalli wasan besbol daga farko har ƙarshe ba, domin a wurinmu idan aka ce wasa, ƙwallon ƙafa ake nufi. Duk da haka, a wannan mako ina neman izinin mai karatu mu leƙa Amurka, inda wannan wasa na sanda da ƙaramar ƙwallo ya zama kasuwar biliyoyin daloli, saboda akwai wata muhawara a cikinsa da ta shafi duk mai cin abinci da ƙarfin jikinsa. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, wa ya kamata ya ɗauki asarar? Idan kuma ya yi amfani da haramtacciyar ƙwaya don ya warke da wuri, ko don ya samu kwantiragi mai tsoka, me ya dace a ƙwace masa?

Babbar gasar besbol, wadda ake kira MLB, tana da kulob 30, kuma kowane kulob yana buga wasa 162 cikin kimanin wata shida, wato kusan kullum ana fili. Irin wannan aiki yana cin jiki sannu a hankali. Masu jefa ƙwallo su ne suka fi shan wahala a gwiwar hannu da kafaɗa, masu bugu kuwa a baya da ƙugu. Abin da ya bambanta wannan gasa da wasu shi ne, manyan kwantiragin 'yan wasanta suna da lamuni cikakke. Da zarar an sa hannu a kan shekara bakwai ko goma, kulob zai biya kuɗin nan kaf, ko ɗan wasa yana fili ko yana kwance a gadon asibiti.

Wannan gata ya samu ne bayan doguwar gwagwarmaya. Kafin Marvin Miller ya karɓi jagorancin ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a 1966, ɗan wasa tamkar kayan kulob ɗinsa yake, a sayar da shi ko a sallame shi yadda aka ga dama. A 1969 Curt Flood ya ƙi yarda a yi musayarsa zuwa wani kulob, ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, inda ya sha kaye a 1972. Sai a 1975 wani mai sulhu ya yanke hukuncin da ya buɗe wa 'yan wasa ƙofar zaɓar inda za su yi aiki. Daga nan ne kulob-kulob suka shiga rige-rigen taurari, suna ba su dogayen kwantiragi masu lamuni.

Misalai biyu sun isa su nuna nauyin wannan lamuni. Prince Fielder ya sa hannu a kan kwantiragin shekara tara na dala miliyan 214 a 2012. A 2016, yana da shekara 32, likitoci suka hana shi komawa fili bayan tiyata ta biyu a wuyansa, amma aka ci gaba da biyansa dala miliyan 24 duk shekara har 2020. Stephen Strasburg kuwa, bayan ya taimaka wa Washington Nationals ta lashe kofi a 2019, an ba shi dala miliyan 245 na shekara bakwai. Wasa takwas kawai ya samu damar yi bayan haka, sai rauni ya kawo ƙarshen sana'arsa.

Magoya baya sukan yi gunaguni idan suka ga irin wannan, su ce mutum na zaune a gida yana kwasar kuɗi. Ni dai ban ga abin gunaguni ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kulob ɗin da ya ɗauki ɗan shekara 30 aiki na shekara bakwai ya san jikin ɗan Adam yake saye, yana da likitocin da suka duba shi kafin a sa hannu, kuma akwai kamfanonin inshora da kan ɗauke masa wani ɓangare na asara idan ya nemi hakan. Hannun Strasburg ya lalace ne a wajen yi wa kulob ɗinsa aiki. Adalci shi ne wanda ya ci ribar hannun lokacin da yake lafiya ya ɗauki nauyinsa bayan ya nakasa.

Sai dai tsarin yana da wata fuska da ba a cika kallo ba. Ɗan wasa sai ya cika shekara shida a babbar gasa kafin ya samu 'yancin sayar da kansa ga wanda ya fi tayi. Ke nan arzikin rayuwarsa gaba ɗaya yana iya rataya a kan kaka ɗaya, wato kakar da ta gabaci wannan 'yanci. Idan ya haskaka a cikinta, shi da jikokinsa sun huta. Idan rauni ya kwantar da shi, tayin da zai samu bai taka kara ya karya ba. A wannan mararraba ce masu sayar da allura ke tsayawa suna jira.

Duba abin da waɗanda suka amsa laifinsu suka faɗa. Ken Caminiti, gwarzon ɗan wasan rukuninsa a 1996, ya bayyana a 2002 cewa ya fara amfani da sinadarin sitiroyid ne a kakar da ya zama gwarzo, saboda ciwon kafaɗa. Andy Pettitte ya amsa a 2007 cewa ya yi amfani da sinadarin haɓaka jiki na HGH a 2002 don gwiwar hannunsa ta warke. Mark McGwire ya fito a 2010 ya ce raunuka ne suka kai shi ga sitiroyid. Ryan Braun, wanda aka dakatar wasa 65 a 2013, shi ma ya jingina abin da ya yi da wani rauni da ya addabe shi a 2011. Uzurin nasu iri ɗaya ne, kamar sun haɗa baki.

Ba na ƙaryata su cewa suna jin ciwo, amma ban karɓi uzurin ba. A wasan da ake bugawa kullum, saurin warkewa shi kansa fifiko ne. Wanda ya yi allura ya tashi cikin mako biyu ya ƙwace gurbin wanda ya haƙura da magani halal yana jinyar wata biyu, kuma idan lokacin rabon kwantiragi ya zo, alƙaluman wanda ya yi allurar ne za su fi kyau. Cutar ba ta tsaya a kan abokin hamayya ba, ta fi faɗawa kan abokin aiki mai gaskiya da aka mayar ƙaramar gasa.

Amma idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yajin aikin 1994 ya sa an soke gasar ƙarshe ta shekarar, 'yan kallo suka yi fushi suka ƙaurace wa filaye. A 1998 McGwire da Sammy Sosa suka shiga tseren bugun ƙetare shinge, wato bugun da ke fitar da ƙwallo waje da fili, McGwire ya yi 70, Sosa ya yi 66, alhali bajintar Roger Maris ta 61 ta tsaya tun 1961 ba wanda ya taɓa ta. Filaye suka cika, kuɗi suka shigo, masu kulob suka kau da kai, ƙungiyar 'yan wasa kuma ta daɗe tana turjiya a kan gwaji. Ba a fara gwajin sitiroyid a babbar gasa ba sai a 2003. Sai da Majalisar Dokokin Amurka ta kira su zaman bahasi a watan Maris na 2005, sannan rahoton tsohon Sanata George Mitchell ya fito a Disamban 2007 da sunayen 'yan wasa kusan 90, kafin a gane girman ɓarnar. Hukuncin laifin farko ya tashi daga dakatarwar kwana 10 zuwa wasa 50, sannan a 2014 ya koma wasa 80, laifi na biyu wasa 162, na uku kora ta dindindin.

A takarda hukuncin yana da tsanani, amma lissafin kuɗi ya fi shi ƙarfi. An dakatar da Melky Cabrera wasa 50 a Agustan 2012 yana karɓar dala miliyan 6 a shekara, bayan wata uku Toronto Blue Jays ta ba shi miliyan 16 na shekara biyu. Jhonny Peralta ya gama dakatarwar wasa 50 a 2013, kafin shekarar ta fita St. Louis Cardinals ta ba shi miliyan 53 na shekara huɗu. Fernando Tatis Jr. yana riƙe da kwantiragin dala miliyan 340 lokacin da aka dakatar da shi wasa 80 a Agustan 2022, yana dab da dawowa daga jinyar karayar wuyan hannu, abin da aka yanke masa kuma bai kai miliyan 3 ba. Robinson Cano ya karye a hannu a watan Mayun 2018, bayan kwana biyu aka sanar da dakatar da shi wasa 80, aka kuma lissafa kwanakin jinyarsa a cikin hukuncin. Mai karatu ya kwatanta wannan da 'yar tserenmu Blessing Okagbare, wadda aka cire daga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 saboda HGH, haramcin da aka yi mata kuma ya kai shekara 11 bayan an haɗa da wasu laifuffuka.

Akwai wani abin mamaki kuma. A farkon 2004 Aaron Boone ya ji rauni a gwiwa yana wasan ƙwallon kwando da abokai, abin da kwantiraginsa ya haramta masa, sai New York Yankees ta sallame shi ba tare da biyan mafi yawan albashinsa ba. Ke nan ana iya soke kwantiragi saboda ƙwallon kwando, amma ba a iya soke shi saboda allura, domin yarjejeniyar da ke tsakanin hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta hana kulob ƙara wani hukunci a kan dakatarwa. Wannan ya sa wasu, har da 'yan wasa masu jin haushin maguɗi, ke cewa a bai wa kulob ikon yaga kwantiragin duk wanda aka kama.

Na fahimci fushinsu, amma ina ganin yin haka gudun gara ne a faɗa gidan zago. Labarin Alex Rodriguez ya ishe mu darasi. Shi ne wanda ya amsa a 2009 cewa ya yi amfani da haramtattun ƙwayoyi daga 2001 zuwa 2003, saboda nauyin kwantiragin dala miliyan 252 da Texas Rangers ta ba shi. A 2013 yana da shekara 37, an yi masa tiyata a ƙugu karo na biyu, kuma Yankees na ɗauke da kwantiraginsa na miliyan 275 da ba zai ƙare ba sai 2017. Da badaƙalar asibitin Biogenesis na Florida ta fashe aka dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya, kulob ɗin ya tsira da sama da dala miliyan 20. Rodriguez ya cancanci hukuncinsa. Abin lura shi ne wanda ya ci ribar hukuncin. Da doka ta ba da damar soke kwantiragi kacokan, duk kulob ɗin da ke ɗauke da tsohon ɗan wasa mai rauni zai wayi gari yana addu'ar a kama shi. Kuma ma'aikatan kulob ne ke kula da jinyarsa, su ne ke miƙa masa magunguna da abin sha. Ba na zargin kowa da wani abu, amma dokar kirki ba ta ajiye nama a gaban kura ta ce ta yi gadi.

Saboda haka ga abin da nake gani. Lamunin rauni ya tsaya yadda yake, kada a taɓa shi, domin shi ne kaɗai ke gaya wa ɗan wasa cewa zai iya kwanciya ya warke ba tare da tsoron yunwa ba. Wanda aka kama da ƙwaya kuwa, a yanke masa wani kaso mai ciwo daga dukkan abin da ya rage a kwantiraginsa, maimakon albashin kwanakin dakatarwa kawai, kuma kada dakatarwar ta fara aiki sai likita ya tabbatar ya warke. Mafi muhimmanci, kuɗin da aka yanke kada ya koma aljihun kulob. Kulob ya biya shi cikakke a wani asusu na jinyar ƙananan 'yan wasa da ƙarfafa gwaji. Ta haka mai laifi zai ji a jikinsa, kulob ba zai samu riba daga faɗuwar ɗan wasansa ba, kuma zai yi tunani sosai kafin ya zuba miliyoyi a kan wanda jikinsa ya canja cikin wata shida ba tare da bayani ba.

Na ambaci ƙananan 'yan wasa da gangan, domin su ne ke kallon duk wannan lissafi daga ƙasa. A Jamhuriyar Dominika da Benezuwela, kulob-kulob na ɗaukar yara tun suna shekara 16, yawancinsu 'ya'yan talakawa da dangi gaba ɗaya suka zuba wa ido. 'Yan ƙananan gasanni ba su samu shiga ƙungiyar ƙwadago ba sai a 2022. Yaron da ya ga an kama Peralta sannan an ninka masa albashi, me za a gaya masa ya ji? Ba shi da lamunin Fielder, kafaɗarsa na lalacewa a sallame shi ya koma gida. Shi ne ya fi kowa buƙatar asusun jinya, shi ne kuma ya fi sauƙin faɗawa hannun mai allura.

Ken Caminiti, wanda ya fara buɗe wannan sirri da bakinsa, ya rasu a Oktoban 2004 yana da shekara 41, sakamakon shan miyagun ƙwayoyi fiye da kima. Kulob-kulob ɗin da ya yi wa wasa suna nan suna sayar da tikiti. Duk lokacin da hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka sake zama a kan teburin yarjejeniya, ina fatan za su tuna da shi, su tuna da yaran da ke jiran a ɗauke su, kafin su shiga jayayya a kan wanda zai riƙe miliyoyin.

Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.