'Yan Amshi da Iyayen Gida: Marigayan da Nazarin Waƙar Baka Ya Bari a Baya

Duk wanda ya saba buɗe kundayen digiri a kan waƙar baka ya san tsarin shafinsu: a gefen hagu a rubuta "Jagora", a ƙasansa a rubuta "'Yan Amshi". Jagora yana da suna da asali da shekarar rasuwa, wani lokaci har da hoto a farkon kundi. 'Yan amshi kuwa taron muryoyi ne kawai. Haka abin yake a tarukan tunawa da makaɗa da shirye-shiryen rediyo, inda ake jera Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Ɗan Anace da Mamman Shata, a yi musu addu'a, a watse. Sun cancanci addu'ar, babu ja. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya a ƙofar fada ko a filin dambe shi kaɗai, kuma akasarin waɗanda suka tsaya tare da su sun kwanta dama ba tare da wani ya bi sawun rayuwarsu ba.

Wannan giɓi ya wuce batun ladabi ga mamata, ya taɓa ingancin nazarin kansa. A ƙungiyoyin kotso da taushi na ƙasar Sakkwato da Zamfara, amshi ba maimaita gindin waƙa ba ne kurum. Waƙar fada a gida ake shirya ta: jagora ya kawo gindi, a zauna a gwada shi da kiɗa, a sassaƙa ɗiya, a yi ta bita har ta zauna a bakin kowa. In an zo gaban sarki, sau da yawa jagora furta farkon zance yake yi ya saki, mutanensa su tarbe shi su ƙarasa, hannuwansu kuma na kan kotso. Wanda ya saurari faifan Ɗanƙwairo da kunnen basira zai ji cewa a wasu ɗiyan kalmomin da 'yan amshi suka rera sun fi nasa yawa. Wannan ya sha bamban da tsarin Shata, wanda yake ƙirƙira nan take, 'yan amshinsa na riƙe masa gindin waƙa, makaɗan kalangu na ba shi hanya. Saboda haka ɗalibin da ya tsamo wani adon harshe daga waƙar fada ya ce "salon Narambaɗa ne", ya yanke hukuncin da bai bincika ba, domin mai yiwuwa bakuna huɗu ko biyar ne suka gyara wannan zance kafin ya fito.

Tarihin Ɗanƙwairo kansa ya isa hujja. Ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan a bayan wansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiya. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa laƙabin ma na wani yaron mahaifinsa ne mai zaƙin murya, aka ga muryar Musa ta yi kama da tasa, sai sunan ya bi shi har rasuwarsa a 1991. Ke nan ɗaya daga cikin sunayen da suka fi tashe a waƙar Hausa aro ne daga mutumin da ba a san komai game da shi ba sai daɗin muryarsa.

Rukuni na biyu shi ne iyayen gida. Ba a raba Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa Amadu, ko Sa'idu Faru da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, ko Jankiɗi da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Shaƙuwar Shata da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ta kai ga a Daura aka rufe shi a watan Yunin 1999. Ubangida shi ne mai ba da gida da gona da doki da riga, daga baya mota da kujerar Makka, kuma wannan ɗawainiya ce ta ba makaɗi sararin zama ya tsara waƙa. Sarakuna dai suna da masu rubuta tarihinsu. Matsalar tana ga sauran: attajirai da direbobi da 'yan dambe da manoma da matan da suka riƙe makaɗan amada irin su Barmani Coge a gidajen biki. Da yawa daga cikinsu waƙar ce kaɗai ta adana sunansu. Idan waɗanda suka san su suka ƙare, kirari zai zama jerin sunaye, habaici da zambo kuma su zama kulle babu mabuɗi, don ba wanda zai iya faɗin wa ake nufi, ko kuwa wace rigimar sarauta ce ta haifi maganar. Haka nan ma'aikatan gidajen rediyo, musamman na Kaduna, waɗanda suka naɗi waƙoƙin da ake nazari a yau, da wuya a ga sunan ɗaya a kundi.

Ba za a ce magabata ba su yi komai ba. Tun daga kundin Dandatti Abdulƙadir a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, zuwa Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Sa'idu Muhammad Gusau, da Shata Ikon Allah na 2006, da littafin Aliyu Muhammad Bunza a kan Narambaɗa, an tattara abu mai yawa, kuma akan ci karo da sunayen wasu mataimaka a ciki. Amma ambaton suna daban, tarihi daban, kuma ɗaliban baya sun fi son kwafo abin da aka riga aka rubuta a kan jagora da su ɗora daga inda aka tsaya.

Akwai masu ganin cewa al'adar ce da kanta ta ba jagora waƙa, ɗan amshi ma in an tambaye shi zai ce waƙar maigida ce. Gaskiya ne, amma wannan kawaici ne na bara ga ubangidansa, bai kamata manazarci ya ɗauke shi a matsayin sakamakon bincike ba. Uzurin da ya fi nauyi shi ne na zuriyar da ba ta son a danganta mahaifinta da roƙo. Irin wannan sai a mutunta, a nemi izini, in an hana a sakaya suna a adana bayanin.

Abin da ke hannun sassan Hausa ba mai tsada ba ne. Mai duba kundi yana iya sharɗanta cewa duk nazari a kan makaɗi ya zo da rataye mai ɗauke da 'yan ƙungiyarsa, da aikin kowa, da garinsa, da bayanin mutanen da aka ambata a waƙoƙin. Hira da tsohon ɗan amshi ko sanƙira ko bafade ita ma ta cancanci zama batun kundi mai zaman kansa. Lokaci ne dai ya yi ƙaranci: yaran makaɗan da suka rasu tsakanin 1970 da 1999 yanzu dattawa ne, kuma Tubali da Isa da Maradun da Bakura da Faru suna cikin yankin da rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka, ya sa malamai ke shakkar tura ɗalibi. Wasu daga cikin dattawan sun yi hijira zuwa Gusau da Sakkwato, inda jami'o'i ke kusa da su, kuma naɗar hira a yau ba ta buƙatar abin da ya wuce wayar hannu.