Ƙuri'ar Jihar Arewa daga 1992 zuwa 2020: Ina Muka Dosa?

 Ranar 28 ga Fabrairu 2020 Majalisar Kare Tsarin Mulki ta bayyana sakamakon zaɓen 'yan majalisar dokoki da aka yi ranar 9 ga watan. Daga kujeru 167 da aka sanar, RDPC ta samu 139, UNDP 7, SDF 5, PCRN 5, UDC 4, FSNC 3, MDR 2, UMS 2. Sauran 13 an sake zaɓensu daga baya a yankunan masu magana da Turancin Ingilishi.

Mu a nan Garwa, abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne rabonmu. Jihar Arewa tana da kujeru 12 a cikin 180, Adamawa 10, Arewa Mai Nisa 29. Jimilla 51 ke nan. Jam'iyyu uku da saiwarsu take a arewa, wato UNDP da FSNC da MDR, idan aka tara abin da suka samu a duk faɗin ƙasa, kujeru 12 ne kacal. Dattawa za su tuna cewa a zaɓen 1 ga Maris 1992, UNDP ita kaɗai ta kwashe duka kujeru 12 na wannan jiha tamu, ta tashi da 68 a ƙasa baki ɗaya, RDPC kuma 88. A lokacin sai da RDPC ta jingina da kujeru 6 na MDR ta Dakolé Daïssala kafin ta samu rinjaye.

Me ya faru a tsakani? Na farko, rarrabuwar kai. Tun a ƙarshen 1992 Issa Tchiroma Bakary da Hamadou Moustapha suka karɓi muƙamin minista ba da yardar jam'iyyarsu ta UNDP ba, daga baya aka raba gari. A 1997 UNDP ta sauko zuwa kujeru 13, kuma a ƙarshen shekarar shugabanta Bello Bouba Maïgari ya shiga gwamnati. A 2002 kujera ɗaya tak ta samu. A 2007 Tchiroma ya kafa FSNC, wadda sai a 2020 ta fara shiga majalisa.

Wannan rarrabuwa tana da tsada saboda yadda dokar zaɓe take. A mazaɓa mai kujeru da yawa, jerin 'yan takarar da ya haura rabin ƙuri'u shi ke kwashe kujerun duka. In ba wanda ya haura rabi, na gaba ya ɗauki rabin kujerun, sauran a raba tsakanin waɗanda suka kai kashi 5 cikin ɗari. To idan 'yan gida ɗaya suka kasu biyu, ko sun fi yawa a haɗe, wani ne zai zo na ɗaya ya ɗauki babban rabo.

Na biyu, Bello Bouba da Tchiroma dukansu ministoci ne a 2020, kuma dukansu sun goyi bayan Shugaba Paul Biya a zaɓen 2018. Manomin da ke Pitoa ko Guider yana da haƙƙin ya tambaya: in kowace hanya gida ɗaya take kaiwa, mene ne amfanin tsayawa layi cikin rana? Na uku, yawancin masarautunmu suna tare da jam'iyya mai mulki. Lamiɗon Rey Bouba ma a 2020 mataimakin shugaban Majalisar Dattawa ne.

Sai babban abin damuwa: waɗanda suka fita zaɓe a faɗin ƙasa ba su kai kashi 44 cikin ɗari na masu rajista ba. Gaskiya ne MRC ta ƙaurace, kuma rikici ya hana mutane fita a yankunan masu Ingilishi. Amma mu ma mu binciki kanmu. Matasa nawa ne a sahunmu na Juma'a suka cika shekara 20 ba su taɓa zuwa ofishin ELECAM ba?

Ba aikinmu ba ne mu nuna wa kowa jam'iyyar da zai bi. Aikinmu shi ne tunatarwa cewa ƙuri'a shaida ce, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Wanda ya sayar da ita kan sabulu ko turmin zane ya ci amanar maƙwabcinsa. Wanda ya zauna a gida kuma, ya bar wasu su yanke masa hukunci na shekara biyar.

Waɗannan mutum 12 su ne za su ɗaga hannu kan kasafin kuɗin ƙasa a Yawunde. A can ake yanke ko za a gyara hanyar Garwa zuwa Ngaundere, ko za a kula da madatsar Lagdo don mu huta da ɗaukewar wuta, ko manomin auduga da ke hulɗa da Sodecoton zai ga amfanin guminsa. Don haka kowace unguwa ta san sunan ɗan majalisarta. Kwamitocin masallatai da ɗalibai su rubuta alƙawuran da aka yi musu lokacin yaƙin neman zaɓe, su riƙa tuntuɓa cikin ladabi duk sa'ad da ya zo hutu. Wanda bai da katin zaɓe ya je ya yi rajista, kada ya jira sai ganga ta yi zaƙi.

Ga waɗanda aka zaɓa kuma, ko daga wace jam'iyya, nasiharmu ita ce kujera amana ce, kuma akwai ranar da za a tambaye ku a kanta, ranar da babu wakilin jam'iyya a gefenku.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, Ya zaunar da Kamaru lafiya. Amin.