Benaye Sun Yawaita A Jimeta, Wa Ke Auna Matakala?

Duk wanda ya san unguwar Demsawo ta cikin Jimeta shekaru 20 da suka wuce, in ya ratsa ta yau, abin da zai fara lura da shi shi ne garin ya soma miƙewa sama. Inda a da a ke da gida mai ɗakuna a jere da tsakar gida da inuwar darbejiya, yanzu sai ka ga kantuna a ƙasa, ɗakunan kwana a bisa, ko kuwa ka ga rodi ya yi cirko-cirko a kan rufin kankare, yana jiran ranar da maigida zai sami halin ɗora wani hawa. Haka abin ya ke a Karewa da Jambutu da sauran unguwanni.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, ta kuma ci gaba da riƙe matsayin bayan an ƙirƙiro Jihar Adamawa a 1991, jama'a ba su daina kwararowa ba. A 2014, sa'ad da Boko Haram suka mamaye Madagali da Michika da Mubi, dubban mutane suka gudo nan, da yawansu kuwa ba su koma ba. Fili ya yi tsada, gado yana ta rabuwa, mai ƙaramin wuri ba shi da inda zai faɗaɗa sai sama. Ga ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022, wadda sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ƙarfi, ta sa mazauna kusa da kogi sun san amfanin ɗaki a bisa. Zafin Maris da Afrilu ma, da kan haura digiri 40, ya isa ya kori mutum zuwa kan rufi da tabarmarsa.

Ba ni da ja game da bene. Abin da ya dame ni shi ne hanyar hawansa. Maigida zai yi wata guda yana shawara a kan launin fenti da irin ƙofar da za a sa, amma matakala, wadda iyalinsa za su taka safe da yamma har iyakar rayuwarsu, sai a bar wa birkila ya cusa ta a duk lungun da ya rage bayan an gama yanka ɗakuna. Yanzu kuma wata sabuwar yayi ta shigo, ta sabunta matakalar tsofaffin benaye: a lulluɓe ta da tayil mai ƙyalli, a cire tsohon ƙarfen dafawa a sa na silba mai walƙiya. Ido ya gamsu. Ƙafa ce ba a tambaya ba.

Hawa bene ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maginan Kano da Zariya da Katsina sun daɗe suna ɗora soro a kan soro da tubali da azara, Hasumiyar Gobarau ma ta matakala a ke hawanta. Matakalarsu kuwa ƙunci gare ta da tsayin taki, ba a musu. Amma galibi tsakanin bango biyu ta ke, mai hawa yana dafa nan yana dafa can, kuma daɓen ƙasa ba ya santsi. Bugu da ƙari benen na maigida ne, shi kaɗai ko da baƙinsa. Tsofaffi da mata da yara a ƙasa su ke harkarsu. Yau kuwa iyali ɗungurungum a ke kwashewa a kai hawa na biyu, da mai goyo, da mai tsohon ciki, da kakar da a ka ɗauko daga ƙauye, wadda tun da ta ke ba ta taɓa taka abin da ya fi dokin ƙofa tsayi ba. Mun riƙe ƙuncin matakalar da, mun yar da bangon dafawarta, mun ƙara mata santsi.

Matakala ma'auni gare ta, kuma an daɗe da saninsa. Wani masanin gini na ƙasar Faransa mai suna François Blondel ya tsara shi tun ƙarni na 17, bisa tsawon takun mutum: a ninka tsayin taki sau biyu, a haɗa da faɗin wurin ajiye ƙafa, jimla ta tashi inci 24 zuwa 25. Watau in tsayin kowane taki inci 7 ne, faɗinsa ya zama inci 10 ko 11. To, bari mu yi lissafi. A ce daga daɓen ƙasa zuwa daɓen bene ƙafa 10 da rabi ne, inci 126 ke nan. A raba da 7, an sami taki 18. Shimfiɗa su a miƙe, kowanne da faɗin inci 11, zai ci wajen ƙafa 16 na tsawon fili, da faɗin aƙalla ƙafa 3. A nan ne maigida kan ɗaure fuska, gama yana ganin an cinye masa rabin kanti. Sai ya ce a matse. Birkila kuwa ba ya gardama da mai biyansa, sai ya mayar da ita taki 14, kowanne inci 9 a tsaye, inci 9 a kwance, ta shiga cikin ƙafa 10. An tsirar da ƙafa 6 na fili, an sami tsani na siminti. Hawa da sauƙi-sauƙi, gama ɗan yatsa ke kama taki. Wajen sauka ne dunduniya kaɗai ke samun wuri, rabin tafin ƙafa yana reto a iska.

Akwai wani aibi da ya fi wannan ɓuya, shi ne kuwa wanda masu sabuntawa ke jawo wa kansu da kuɗinsu. Ƙafar mutum, da ta taka taki biyu ko uku, ta riƙe ma'aunin, ba ta ƙara neman taimakon ido. In taki ɗaya ya saɓa wa sauran, nan za ta yi tuntuɓe. Saboda haka dokokin gini na Amurka ba su yarda bambancin da ke tsakanin taki mafi tsayi da mafi gajarta ya wuce kimanin santimita 1 ba. Yanzu a duba abin da kan faru in an shimfiɗa tayil a kan tsohuwar matakala. Tayil da simintin da ke ƙarƙashinsa sukan kai inci guda. In ba a taɓa daɓen ƙasa da na sama ba, takin farko ya tashi daga inci 7 ya koma 8, na ƙarshe kuma ya sauko 6. Matakalar da ta shekara 30 ba ta ka da kowa ba, sai ta wayi gari da tarko biyu, ɗaya a gindi, ɗaya a ka. Mai tayil nagari yakan auna wannan tun kafin ya kwaɓa siminti, ya kuma faɗa wa maigida gaskiya. Irinsa a ke nema, ko da ya fi tsada.

Shi kansa tayil ɗin, mai sheƙi na falo ne, ba na matakala ba. A ƙasar da a ke alwala sau biyar a yini a taka da ɗanyar ƙafa, inda hunturu ke shimfiɗa ƙura mai laushi kamar gari a kan kome, inda maza ke jan babbar riga mata kuma na riƙe da zani da hijabi da tire, sa tayil mai santsi a matakala ganganci ne. Akwai mai kaushi, akwai mai zane a baki, har tsohon daɓen siminti da a ke rainawa ya fi shi amana.

Ƙarfen dafawa kuma, kyansa ya kai tsayin ƙafa 3, ya bi matakala tun daga takin farko har na ƙarshe ba yankewa, ya zama hannu na iya zagaye shi ya damƙe. Sandunansa kada tazararsu ta wuce inci 4, don kan yaro ba ya shiga nan. Na ga waɗanda a ka jera sandunan a kwance domin ado. Wannan tsani ne a ka kafa wa ɗan shekara uku. Fitila ma a sa mata makunni biyu, sama da ƙasa, kuma tun da wuta ba ta da tabbas, ƙwan fitila mai caji ko mai aiki da hasken rana a nan ya fi cancanta da zama, ba a falo ba.

Kada wani ya ce an cika tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayaninta na 2021, ta ƙiyasta mutum 684,000 ke rasa rai kowace shekara sanadin faɗuwa iri-iri, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, waɗanda suka haura shekara 60 kuwa su suka fi yawa a ciki. Tsohon da ya karye a ƙugu sau da yawa ba ya komawa yadda ya ke. Akwai kuma wanda bai faɗi ba amma tsoro ya tsare shi: dattijon da ya bar zuwa jam'i, ya bar zaman ƙofar gida, ba ciwo ba ne ya hana shi, taki 14 ne. 'Ya'yansa suna ganin sun kyautata masa da ɗaki mai iska a sama, alhali kuwa kurkuku suka gina masa.

Wanda ya yi niyyar rushe tsohuwar matakala ɗungum ya sake wata, ya sani ba aikin guduma kaɗai ba ne. Rodin matakalar kankare a ɗaure ya ke da na rufin da ta jingina a kai, bugun da ba a lissafa ba yana iya tsaga abin da ke ɗauke da ɗakunan sama. A kira injiniya ya duba, a tokare kafin a fasa, in an zuba sabuwa kuma a riƙa ba ta ruwa, kada a yi gaggawar cire katakon da ke tallafe da ita, gama kankare sai ya kwana 28 ya ke kai cikakken ƙarfinsa. Masu gudun wannan ɗawainiya sukan tafi wurin mai walda ya murɗa musu matakalar ƙarfe mai zagaye a waje. Ta yi arha, ba ta cin wuri, amma ranar Yola takan mai da ita kasko, damina ta ci ta da tsatsa, kuma mutum ɗaya tak ke bi.

Ni a ganina akwai gwajin da ya kamata kowane mai gini ya yi tun a takarda. Ya tambayi kansa: mutum huɗu ɗauke da marar lafiya, ko mai naƙuda, ko makara, za su iya saukowa ta nan su juya a kwanar? In gobara ta tashi a kantin ƙasa, alhali tagogin sama duk an datse su da ƙarfen tsaro, ta ina mutanen gidan za su fita? Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, hukumar tsara birane ta jiha kuma ita ke sa hannu a zanen gini. Ina roƙon ma'aikatanta, in sun fita zagaye, kada su tsaya ga duba takardar izni da tazarar gini daga titi. Su shiga ciki da abin awo, su auna taki ɗaya-ɗaya tun katako yana jiki ba a zuba kankare ba, lokacin da gyaran bai wuce zare ƙusa a sake bugawa ba. Gidajen haya su ne a gaba, gama ɗan haya ba shi ya zaɓi matakalar ba, maigidan kuwa sau da yawa ba a nan ya ke kwana ba.