Wa Zai Kwana a Ƙaramar Hukuma?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya zauna a ɗakin cin abinci ko gindin bishiyoyin makarantar nan a ƙarshen zango ya san hirar da 'yan ajin ƙarshe suka fi yi, watau ina za a tura mutum bautar ƙasa, kuma ina zai sami aiki bayan ya gama. Wannan ya ce Kano, wancan ya ce Kaduna, wani kuma ya ce shi in ba Abuja ba gara ya zauna gida. Idan takarda ta fito aka ga an tura wani wata ƙaramar hukuma da ke can nesa da babban titi, sai abokansa su taru suna yi masa jaje kamar an yi masa rasuwa, shi kuwa ya bazama neman wanda ya san wani domin a sauya masa wuri. Na ga wannan ya yi yawa har ya zama ɗabi'a, shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna shi a wannan mujalla tamu. Ra'ayina shi ne, ƙananan hukumominmu na karkara suna da dukiya, amma dukiyar ratsa su take yi ta wuce birni, kuma babban dalilin haka shi ne masu ilmin da ya kamata su tsare ta ba sa yarda su kwana a can.

Bari in kawo misali da wurin da na sani, watau Maigatari, a ƙasar Gumel ta Jihar Jigawa, daf da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya ratsa garin ranar Talata zai ɗauka babu abin da ke gudana. Amma ya dawo ranar Alhamis ya gani. Tun asuba ƙura ke tashi, shanu da raƙuma da tumaki da awaki da jakuna suna kwararowa daga ƙasar Damagaram da ƙauyukan kewaye, dillalai suna ta kai da kawowa, ana ciniki da Hausa da Fulatanci da Barbarci, ana lissafi da Naira da Sefa. Kafin magariba an cika manyan motoci da dabbobi sun kama hanyar Kudu. Naman da ake ci a Legas da Fatakwal, wani daga cikinsa a wannan fili aka yi cinikinsa. Ranar Juma'a kuwa garin ya koma shiru, kuɗin sun bi motocin da fataken, abin da ya rage sai ɗan la'adar dillali da cinikin masu abinci.

Haka abin yake ga amfanin gona. Ƙasar Gumel ƙasar riɗi ce da zoɓo da gero da wake. Riɗin da ake nomawa a Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa yakan bi ta kasuwar Dawanau a Kano, daga nan a kai shi bakin teku a yi lodinsa zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Zoɓon da matan ƙauye ke ɓarewa da hannunsu har Meziko ake kai shi. Amma manomin da ya shuka shi nawa yake samu? Na taɓa raka wani kawuna kasuwa da kaka, ya kai riɗinsa. Mai saye ya cusa hannu a buhu, ya ce akwai ƙasa da tsakuwa, ya rage kuɗi. Aka auna da kwanon mai saye, aka yi masa tozo, kawuna yana kallo bai ce uffan ba, domin akwai bashin taki a kansa, ga auren 'yarsa ya matso. Bayan 'yan watanni, da kaya suka yi tsada, babu ko tiya ɗaya a rumbunsa. Wanda ya saya ya ajiye a Kano shi ya kwashe ribar, alhali kuwa bai taɓa riƙe fartanya ba.

Ban kawo wannan don in zagi ɗan kasuwa ba, shi ma jarinsa ya zuba, kuma yakan yi hasara. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, abubuwan da suka raba kawuna da ribarsa ba manya ba ne. Sikeli na gaskiya ne wanda kowa ya yarda da shi, da injin tankaɗe riɗi ya fitar da ƙasa, da ɗakin ajiya mai kyau, da buhun nan mai ninki uku da ke hana wake ƙwari ba tare da an zuba masa magani ba, da ƙungiyar manoma wadda za ta ba mutum rance da kaka don kada tilas ta sa ya sayar da arha, da wanda zai riƙe littafin ƙungiyar ba tare da ha'inci ba. Duk waɗannan ayyukan wanda ya yi karatu ne. Wanda ya karanta aikin gona ko lissafin kuɗi ko tattalin arziki ko aikin injiniya a wannan jami'a zai iya kowanne daga cikinsu. To, ina muke? Muna birni muna yawo da takardun neman aiki daga ofis zuwa ofis, takalma suna cinyewa.

Ga waɗanda suka riga suka kama aikin gwamnati kuwa, maganar ta fi nauyi. A shekarar 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul, aka maye gurbin tsarin En'e da ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, da niyyar kawo gwamnati kusa da talaka. Yau muna da 774, Jigawa kaɗai tana da 27. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu: kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, gyaran hanyoyin cikin gari, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a harkar makarantun firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Rabonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari. An daɗe ana kukan cewa gwamnatocin jihohi suna riƙe musu kuɗi ta hanyar asusun haɗin gwiwa, har ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kai tsaye. Hukunci ne mai kyau, amma kuɗi ba ya haƙa rijiya da kansa. Ko da an kawo shi cikin buhu an dire a ƙofar sakatariya, sai an sami mutumin da ya san wace unguwa ce rijiyarta ta ƙafe, kuma wannan sani ba ya samuwa ga wanda ke zuwa da hantsi ya koma birni kafin la'asar.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Sa'ad da nake neman shiga jami'a, na je wata sakatariya, wadda ba zan ambaci sunanta ba, neman takardar shaidar asali. Kwana uku ina zarya. Masinja kaɗai nake tararwa, da wani tsoho mai gadi, da awaki kwance a baranda. Da na tambaya sai aka ce mini mai sa hannu iyalinsa suna birni, yakan shigo ne idan wata ya kusa ƙarewa. Ni ɗalibi ne, kwana uku ba su kashe ni ba. Amma ku tuna da matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a garin da ma'aikacin asibitinsa yake kwana a wani gari, ko makiyayin da cuta ta shiga garkensa ranar da malamin dabbobi ba ya nan. Mu da muke zagin waɗannan ma'aikata a yau, mu ne za mu gaje su gobe, kuma in ba mu sake tunani ba, motar da suke bi su gudu ita za mu bi.

Ba yau aka fara shirye-shiryen raya karkara a ƙasar nan ba. An yi shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, an yi juyin noma na Shagari a 1980, an kafa hukumar abinci da hanyoyi da raya karkara a zamanin Babangida a 1986. Kowanne ya zo da taki da motocin noma da jawabai a rediyo, kuma ba za a ce ba su tsinana komai ba. Amma ku zaga ƙauyuka ku ƙirga famfunan da suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe guda, da motocin noman da suka zama wurin wasan yara. Wanda ya kafa su ya koma inda ya fito, ba a bar kowa da ya san yadda ake gyara su ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce malam, kana da daɗin baki, amma a ƙauye babu wutar lantarki, babu asibitin kirki, babu makarantar da zan sa 'ya'yana, wata ma ba za ta yarda ta aure ni ta bi ni can ba. Zai ce kasuwancin bakin iyaka ba shi da tabbas, kuma haka ne. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, sai a Disamba na 2020 aka buɗe huɗu daga cikinsu, har da ta Maigatari. Aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023, sai a Maris na 2024 aka ba da umurnin buɗewa. A farkon 2023 kuma canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, wanda ya fi gasa mutanen kasuwannin ƙauye da ba su da banki kusa. Duk waɗannan shawarwari a nesa aka yanke su, mutumin karkara kuwa shi ya sha wuyarsu. Sa'an nan akwai maganar tsaro. Akwai yankuna a Zamfara da Katsina da Sakkwato da wasu wurare inda 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu, kuma ba zan ce wa kowa ya kai kansa ga halaka ba.

Amma fa ba dukan karkara ce ke cikin wannan hali ba, kuma wahalar da muka lissafa ita ce dai wadda iyayenmu suke ciki, a cikinta suka sayar da akuya da hatsi suka biya mana kuɗin makaranta. Makarantar ƙauye ba za ta gyaru ba muddin duk mai faɗa a ji ya kwashe 'ya'yansa ya kai birni. Ran da ɗan shugaban sashen ilmi ya zauna a ƙasa cikin ajin da rufinsa ya yaye, ran nan za a nemo kwano. Kuma zamani ya rage wasu wahalhalun. Wayar hannu ta sa manomi yana iya jin farashin Dawanau yana zaune a gindin kuka. Faifan hasken rana yana ba da fitila, yana jawo ruwa, yana sanyaya maganin rigakafi. Sa'an nan a yi lissafi tsakani da Allah: albashin ƙaramin ma'aikaci da kuɗin haya da kuɗin mota ke cinyewa a birni tun kafin tsakiyar wata, balle bayan cire tallafin mai a 2023, a karkara yakan ishe shi har ya yi 'yar gona ya ɗaure tumaki biyu.

Wanda ya yi niyyar zuwa, ina ba shi shawara ya bar girman kai a tasha. Mutanen ƙauye sun ga masu takardu da yawa sun zo sun tafi, ba sa ruɗuwa da Turanci. Ya je ya gai da hakimi da dagaci da liman, ya san sarkin kasuwa da sarkin pawa, ya halarci suna da jana'iza. Ya yi damina ɗaya yana sauraro kafin ya fara koyarwa, domin tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya fi shi sanin wace ƙasa ce ke karɓar riɗi. In kasuwanci zai yi, ya san cewa babban abin da ke karya ɗan kasuwa a ƙaramin gari shi ne bashi, domin kowa ɗan'uwa ne ko suruki, kuma kunya ba ta barin mutum ya ce a'a. Ya rubuta komai, ya raba aljihun gida da na jari tun ranar farko. Amma in aka shaide shi da gaskiya a awo sau ɗaya, labarin zai kai ƙauyuka goma kafin kasuwa ta zagayo, ba tare da ya biya kuɗin talla ba. 'Yan'uwanmu mata kuma su sani babu wanda ake buƙata a can kamarsu, domin akwai gidajen da malama ko ungozoma kaɗai ke iya shiga, kuma a cikinsu ne ake matse man gyaɗa da ɓare zoɓo.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga hukuma, ta gina wa ma'aikatan karkara gidaje, ta ba su alawus na musamman, ta sa shekarun da mutum ya yi a can su zama abin dubawa wajen ƙarin girma, sa'an nan ta daina tura ma'aikaci ƙauye a matsayin horo, domin wannan zagi ne ga mutanen da ke can. Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, ta shirya a kowane dogon hutu ɗalibai su koma ƙananan hukumominsu su rubuto abin da ake nomawa, da nawa ake sayarwa da kaka da kuma bazara, da famfuna nawa ke aiki, a buga a wannan mujalla. Ga mu kanmu kuma, idan takardar bautar ƙasa ta fito da sunan garin da ba mu taɓa ji ba, mu je mu gani tukuna kafin mu nemi sauyi, tun da an kafa shirin a 1973 ne domin mu san ƙasarmu.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai na yi wa kawuna alkawari, in Allah Ya kai mu kakar da zan gama, da sikelina zan raka shi kasuwa. Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya sa ilmin da muke nema ya amfani waɗanda suka sha rana dominmu. Amin.