Babur ma yana hawan jini

Yau hirar tamu a zaure take, inda maigida ke kafe babur. Na san wata za ta ce ina ruwan malamar jinya da aikin kanikawa. Da ruwana kuwa, domin a ƙauyukan Jibiya, daga Daddara har Magama, babur ne motar asibitinmu. Shi ke kawo mai naƙuda da dare, shi ke kawo yaron da zazzaɓi ya sa jijjiga. Tun da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024 kuma, da shi magidanta da yawa ke neman na cefane tsakanin Magama da Ɗan Isa, kan hanyar Maraɗi. Ranar da fitilarsa ta mutu a tsakiyar daji, ba maigida kaɗai abin zai shafa ba.

A jikin babur akwai wani ɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga, bai kai tafin hannu ba, kanikawa na kiransa rektifaya. Idan inji ya tashi, koyil ne ke samar da wuta, kuma gwargwadon yadda aka murɗa totur, haka take ƙaruwa. Aikin rektifaya shi ne ya mayar da ita irin wutar da batir ke sha, ya kuma hana ta wuce kima. Da yaren asibiti, shi ke daidaita jinin babur. Idan ya lalace, ko jinin ya hau ko ya faɗi.

Idan ya hau, ƙwan fitila zai riƙa ƙonewa a kai a kai. Haske na ƙaruwa fiye da yadda aka saba duk lokacin da aka murɗa totur. Batir na ɗaukar zafi, ruwansa na saurin ƙafewa, wani har ya kumbura, a riƙa jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan kuma faɗuwa ya yi, oda za ta shaƙe, sigina ta yi sanyi, makunni ya ƙi tayar da inji sai an buga kik. Sai a sayo sabon batir, ba a daɗe ba shi ma ya mutu. Uwargida, ke kika fi kowa sanin sau nawa aka rage kuɗin cefane saboda ƙwai da batir. Idan abin ya maimaitu, ki ce a duba rektifaya.

Zafi ne babban makashinsa, don iskar tafiya ce ke sanyaya shi. Ku duba irin ranar da ake ƙwallawa a Jibiya a watan Afrilu, ga ƙura na toshe tsagoginsa, ga tsaye-tsaye a shingayen hanya inji na aiki ba iska.

Kamar yadda ba ma ba da maganin hawan jini sai mun auna, shi ma babur a auna shi. Bakanike ya ɗora mita a kan batir. Inji a kashe, lafiyayyen batir na nuna wajen bolt 12.6. A tayar, a murɗa totur kaɗan: tsakanin 13.5 da 14.5 lafiya ce. Idan ya haura 15, rektifaya ya daina tsare wuta. Idan ya kasa kai 13, kada a yi gaggawar yanke hukunci, a fara duba koyil, da mahaɗar wayoyi ko ta narke ko ta yi tsatsa, da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur. Kada kuma a yarda a cire kan batir inji na aiki da sunan gwaji, yana iya ƙona wasu kayan.

Sai ɓangaren da ya fi shafar aikina. Ruwan batir asid ne, yana cin fata yana makantarwa. Batirin da ya kumbura na iya fashewa, don haka a nisanta shi da murhu da ashana. Tsohon batir kuwa ba abin wasan yara ba ne, kada a ajiye shi a tsakar gida. Idan ruwan ya taɓa yaro, ki cire masa rigar, ki yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin har minti 20, ido ne ko fata. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Daga nan sai asibiti.

Idan akwai mai ciki a gidanki da watanta ya tsaya, awon babur ya shiga cikin shirin haihuwa, tare da zannuwa da kuɗin mai. Ki zaɓi lokacin da maigida ya ci ya huta, ki ce, “Baban yara, a kai mashin nan a ɗora masa mita mana, kafin ranar ta zo.”

Wadda ta taɓa gamuwa da irin wannan ta ba mu labari a ƙasa, 'yan uwa su ƙaru. Allah Ya tsare mana masu fita nema, Ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.