A ɗauki hoton Baba kafin a kama hanyar Zariya

Dattijon ƙasar Katagum ba ya zuwa asibiti don fitsari ya fara yi masa gardama. Zai sha saƙe-saƙi ya yi shiru, sai ranar da fitsarin ya tsaya cak aka sa masa roba. Sannan ne za a auna jini a ga PSA ya haura, a ɗebo 'yar tsoka daga firosteti, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara, sakamako ya dawo da sunan da kowa ke tsoro. Ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya.

Daga nan sai hankalin 'ya'ya ya tashi, kowa na cewa a kai Baba gashi, wato ƙona cutar da inji, a Shika ta Zariya ko Gombe ko Abuja. Roƙona gare su shi ne su fara tambayar likita maganar hoton MRI.

Injin gashi ba ya lalube. Inda aka zana masa, nan yake ƙonawa, alhali firosteti na maƙale ne tsakanin mafitsara da dubura. Hoton CT da ake tsara gashi da shi ba ya fitar da iyakar ƙullin sosai, har yakan nuna shi ya fi girmansa. MRI kuwa, da maganaɗisu yake aiki, yana nuna ko cutar tana cikin ɓawonta, ko ta fasa shi ta kai jakunkunan maniyyi, ko ta taɓa kaluluwar ƙugu. Amsar nan tana cikin abin da ke yanke faɗin wurin da za a gasa, da kuma ko allurar rage sinadarin namiji za ta tsaya a wata 6 ko ta kai shekara 2 zuwa 3. Ga manomin Gamawa da zai bar gona ya tare a wani gari mako 4 zuwa 8, ana gasa shi Litinin zuwa Juma'a, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sa ƙeya gaba da goshi. Wani kawuna an fara masa allurar tun kafin kowa ya ambaci hoto. Allurar tana motse ƙullin ta dusashe tabon cutar, don haka da aka zo ɗauka daga baya, likitan ya ce abin da ya so gani ya ɓuya. Haka ma jinin da ɗibar tsoka ke bari yakan rikita hoto na makonni, shi ya sa aka fi son a ɗauka kafin a tsikari mutum.

Na san masu cewa yawancin dattawanmu sai cutar ta shiga ƙashi suke zuwa, hoton ƙugu kuma tsada gare shi. Gaskiya ne, kuma irin waɗannan hoton ƙashi suka fi buƙata. Amma wanda ya zo da wuri, wanda gashi zai iya warkarwa, shi ne bai kamata a yi masa aiki da ƙiyasi ba.

Tun 2021 Azare ke da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya, kuma Farfesa Muhammad Ali Pate, da ya karɓi ma'aikatar lafiya a 2023, ɗan Misau ne, ya san hanyoyin nan. Ina so asibitin koyarwarmu ya zama inda mutumin Jama'are, Shira ko Zaki zai kammala wannan hoto, da wutar da ba ta yankewa da ƙwararren da zai karanta shi, a kuma sa kuɗinsa cikin inshorar lafiya, ta yadda zai isa Shika da faifansa da rahotonsa a hannu.