Kasuwar Abinci Na Hannunmu, Ilminta Fa?

Duk wanda ya zagaya manyan kasuwannin abinci na Kudu, tun daga Mil 12 da Agege a Legas, zuwa Bodija da Sasa a Badun, har Anaca da Fatakwal, ya san irin ƙarfin da mutanenmu suke da shi a wannan harka. Tumatir da albasa da tattasai da wake da shanu, ta hannunsu suke bi kafin su shiga tukunyar mutumin Kudu, kamar yadda goro da manja suke bi ta hannunsu su haura Arewa. Wannan kuwa abin alfahari ne, domin gumin iyaye da kakanni ne ya kafa shi. To amma akwai wani ɓangare na sha'anin abinci wanda ba a cika ganin 'ya'yanmu mazauna kurmi a cikinsa ba, wato ɓangaren bincike: mutanen da aikinsu shi ne nazarin iri da ƙasar noma da cututtukan dabbobi da abinci mai gina jiki da lafiyar muhalli, a jami'o'i da cibiyoyin bincike. A ganinmu wannan giɓi ne babba, kuma lokaci ya yi da za a zauna a dube shi.

Abin mamakin shi ne, da yawa daga cikin waɗannan cibiyoyi a bakin ƙofarmu suke. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, wadda aka kafa a 1967, tana kan hanyar Oyo, maƙwabciyar unguwar Sasa ce. A Badun ɗin nan dai akwai NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, tun 1975, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Akwai kuma CRIN, wadda aka kafa a 1964, kuma goro na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata alhakin bincikensu, tare da koko da kofi da kashu da ganyen shayi. A Oshodi cikin Legas akwai FIIRO, mai nazarin sarrafa abinci tun 1956. Cibiyar nazarin adana amfanin gona tana Ilori. An kafa jami'ar noma ta Abekuta a 1988, ta Umudike kuma a 1992. Mutum nawa ne cikin fatakenmu na goro a Shagamu suka san akwai masu karɓar albashi don nazarin ƙwaron da ke ɓata musu huhun goro? Mutum nawa ne suka taɓa tunanin ɗansu zai iya zama ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata?

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan ɗan kasuwa da ɗakin gwaje-gwaje. Tarihin sana'o'inmu ya isa amsa. Dattawan kara ba su manta da annobar bushiya ta 1983 ba, wadda ta kashe dubun dubatan shanu, ta mayar da masu garke matalauta cikin 'yan watanni. Allurar rigakafi ce ta karya lagon cutar, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da ke aiki a can tun 1924, ta daɗe tana haɗawa, har a 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Arewa, bayan farin da aka sha fama da shi a farkon shekarun 1970, abin da ya taimaka wajen rushewar dalar gyaɗa a Kano. Masanan Samaru ne suka duƙufa shekara da shekaru har suka fitar da iraruwan gyaɗa masu jure wa cutar.

Na baya-bayan nan ma suna nan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda wasu ke zubawa a buhu don gudun ƙwaro. Alhali kuwa masana sun riga sun fito da buhun nan mai ruɓi uku da ke toshe iska, ya kashe ƙwaron ba da ɗigon magani ba. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, dillalai a Mil 12 suka wuni suna kallon hanya. A 2010 kuma gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, sai da masana muhalli suka auna ƙasar gidaje, aka kwashe gurɓatacciyar aka zuba sabuwa. Ga kuma binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018, wanda ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya taɓa aljihunmu ko ya taɓa jininmu, kuma a kowanne sai da aka nemi mai ilmin abin.

Ba muna cewa masanan da ke waɗannan wurare ba sa yi mana aiki ba ne. Suna yi, kuma 'ya'yan maƙwabtanmu da suka cika ofisoshin nan da ƙoƙarinsu suka samu. Abin lura shi ne, mai bincike yakan bi tambayar da ta dame shi, kuma abin da ya gani da idonsa shi ke damunsa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa na zubar da ruɓaɓɓen tumatir bayan tafiyar kusan kilomita dubu daga Kadawa, shi ne zai sa wa kwando da mota ido. Wanda ya ga albasar Aliero tana tsiro a rumfa, ko ya ga sa ya rame a tirela kafin ya iso kara, ko ya san yadda ake ajiye ƙuli-ƙulin yajin tsire har ya yi fumfuna mai guba, ko ya girma kusa da mayankar Oko-Oba yana ganin inda ruwan wanki ke malala, yana da tambayoyin da ba a koyar da su a aji. Bugu da ƙari, yaron da aka haifa a Sabo ko Idi-Araba yakan tashi da Hausa da Yarabanci da Turanci a bakinsa, na Anaca kuma da Ibo. Zai iya magana da manomin Ɗanja da safe, da mai sayen kwando a Legas da rana, ya rubuta sakamakonsa da dare. Cibiyoyin bincike na matuƙar bukatar irin wannan mutum, mu kuwa muna tsayar da shi a bakin sikeli.

Yaya hanyar take? Ya kamata iyaye su santa dalla-dalla. Daga sakandare take farawa, inda ake son yaro ya shiga ajin kimiyya, ya sami kiredit a Turanci da Lissafi da Kemistiri da Bayoloji ko Ilmin Noma, da kuma Fiziks. Sai jarrabawar JAMB. Digirin farko na aikin gona shekara biyar ne, a ciki har da shekara guda ta aiki a gona da hannu. Ilmin sarrafa abinci shi ma biyar ne, ilmin abinci mai gina jiki galibi huɗu, likitan dabbobi shida. Bayan shekarar yi wa ƙasa hidima sai digiri na biyu, wanda kan ɗauki kimanin shekara biyu, sannan na uku, wato na dakta, wanda ba ya kasa shekara uku. A jami'a mutum kan fara ne daga ƙaramin mataimakin malami, ya yi ta hawa har zuwa farfesa, kuma abin da ke ɗaga shi shi ne binciken da ya yi ya wallafa da ɗaliban da ya yaye. A cibiyoyin bincike ma tsani ne irin wannan. Wanda jami'ar gwamnati ta ɗauka aiki yana iya samun tallafin asusun TETFund don ƙaro karatu, IITA kuma takan karɓi ɗaliban digiri na biyu da na uku su yi bincikensu a gonakinta.

Ba za mu ɓoye wahalar ba. In an haɗa lissafi, shekara goma sha ɗaya ke nan bayan sakandare, in ba a sami tangarɗa ba, tangarɗa kuwa ba ta rasuwa. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki. Albashin ƙaramin malami bai taka kara ya karya ba, ɗakunan gwaje-gwaje da dama na fama da rashin wuta da kayan aiki, wasu gwanaye kuma sun tsallake ƙetare. Ba shakka wanda ya tsaya a kasuwa zai riga ɗan'uwansa ɗalibi yin aure da sayen mota. Duk gaskiya ne. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma ribar ta wuce gida ɗaya. A watan Disamba na 2019 aka amince da irin waken nan na Samaru, SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa, mai jure wa tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, har manomi ya yi feshi biyu maimakon shida ko fiye. Da yake an sauya wa irin ƙwayar halitta, ana ta muhawara a kansa, wasu na yabo wasu na ɗari-ɗari. Wannan ma dalili ne, domin al'ummar da ke noma wake, ta sayar da shi, ta ci shi, tana bukatar 'ya'yanta da za su iya auna maganar da kansu su gaya mata gaskiya cikin harshenta.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu mazauna kurmi. Yaron da aka haifa a Badun ba a lissafa shi ɗan asalin jihar Oyo, can gida kuma ba a san fuskarsa ba. Ya zama jemage, ba tsuntsu ba dabba. Alhali ƙa'idar da aka daɗe ana bi wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin ɗari don cancanta, 35 don yankin da jami'a take, 20 kuma don jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani, waɗanda yawancin jihohinmu na cikinsu. Ba a cin moriyar wannan kaso, ko tallafin karatu na jiha, sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Sau da yawa sai ranar da aka bukace ta uba ke fara neman mota zuwa gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su nemi wannan takarda tun yaro na ajin farko na sakandare, kuma wanda aka ga yana da kai a kimiyya, namiji ne ko mace, kada a cire shi don jiran rumfa. Kada kuma a ɗauka karatu ya ƙare a likita da lauya. 'Ya'ya mata musamman suna da babban gurbi a fannin abinci mai gina jiki, domin su ne za su shiga cikin gidaje su zauna da uwayen yara, inda namiji ba ya shiga.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan tumatir da albasa da shanu da goro, waɗanda dama suna karɓar kuɗin ƙungiya a kan kowace mota, da su ware wani abu kaɗan, a ajiye shi a asusu mai rasit da masu sa ido, don ɗaukar nauyin yara biyu ko uku a kowace shekara har su kai digiri na uku, bisa sharaɗin su yi bincikensu a kan kayan da kasuwar ke sayarwa. Da yayyafi kogi kan cika. Bashin karatu marar ruwa da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024 zai rage wani nauyi, amma ba zai ɗauke wa al'umma nata ba. Haka nan shugabannin su nemi izini su kai ziyara waɗannan cibiyoyi, su tafi da 'yan makaranta, su kuma gayyato masanan su shigo kasuwa su ga abin da ake ciki.

Gwamnatocin jihohin Arewa da ke da ofisoshi a Legas, ya kamata su mai da su wurin da ɗan jiha zai cika takardar tallafin karatu ba sai ya yi tattaki ba. Ita kuma gwamnatin tarayya a tuna mata alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Maputo a 2003, na ware kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗi don noma, domin ba shi da amfani a yaye masani a ba shi ofis babu wuta babu kayan aiki.

Ku kuma samari da 'yan mata da ke karanta wannan shafi, kada ku ji kunyar cewa noma kuke karantawa. Samaru ta fara ne a 1922 a matsayin tashar gwajin noma, yau iraruwan dawa da masara da wake masu ɗauke da sunanta suna gonakin kakanninku. Wata annobar za ta sake zuwa, ko ta tumatir ko ta shanu ko ta ruwan sha, kamar yadda na baya suka zo ba sallama. Muna so ranar da ta zo, cikin waɗanda za a kira su duba ta a sami wanda aka haifa a Sabo, wanda ya san nawa mahaifinsa ya sayi kwando.